TSOHUWAR MOTA DA SABON FENTI

 Akwai wata magana da ta daɗe tana tasowa a wuraren hira, har ta kan raba ra'ayin uba da ɗansa, shi ya sa muka ga ya kamata mu sa ta a takardar ƙungiya ta wannan wata, kowa ya duba da idon basira.

Maganar kuwa ta wata al'ada ce ta mutanen Ingila. A can akwai waɗanda su kan nemi tsohuwar mota da ta mutu shekara da shekaru, tsatsa ta cinye ta, ɓeraye sun yi gida a kujerunta, su saye ta da kuɗinsu, su shekara uku ko biyar suna gyaranta a bayan gida, har ta koma kamar ran da ta fito daga masana'anta. In sun gama sai su kai ta taron nuni, masu sha'awa irinsu su kewaye ta suna kallo. Samarinmu da su ke ganin hotunan a wayoyinsu sun ce abin sha'awa ne. Dattawa kuwa sun ce ƙoshi ne ya kawo haka, kuma ɓarnar dukiya ce. To, wa ya fi gaskiya? Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba, saboda haka sai mu fara da bayanin motocin da kuma aikin.

Irin motocin da aka fi yi wa wannan hidima ƙanana ne masu kujera biyu, gajeru, masu gudu, waɗanda a ke naɗe rufinsu a sha iska. Ba a yi su don ɗaukar kaya ko iyali ba, an yi su don daɗin tuƙi. Mutanen Ingila sun shahara da ƙera su bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai Jaguar E-Type da aka fara nuna wa duniya a birnin Geneva a 1961, akwai Triumph Spitfire, akwai Austin-Healey. Amma wadda ta fi yawa a hannun talaka mai sha'awa ita ce MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da dubu 500, yawancinsu kuwa Amurka aka kai aka sayar. A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar. Sunan MG kansa yau yana hannun wani kamfani na ƙasar Sin, motocin da ya ke yi kuwa wani iri ne dabam.

Babban abin da ke kashe waɗannan motoci shi ne tsatsa. Ingila ƙasar ruwa ce da sanyi, kuma da hunturu a kan watsa gishiri a kan titi don kada ƙanƙara ta kama. Ruwan gishirin nan shi ke shiga lunguna na ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe daga ciki. Ita MGB ba ta da wani ƙashi dabam da aka ɗora bodi a kansa, bodin shi ne ƙashin. Ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. In suka ruɓe, mota na iya yin ƙyalli a waje alhali tana shirin karyewa a tsakiya.

Mai gyara na ƙwarai ya kan kwance motar duka, ƙusa bayan ƙusa, ya sa kowane ƙaramin abu a jaka ya rubuta sunansa da wurinsa. Sa'an nan ya kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, ya yanke duk inda ya ruɓe, ya yi walda da sabon ƙarfe. Ya buɗe inji ya auna, ya sake abin da ya ci. Ya sabunta birki da wayoyin wuta. Fenti shi ne kusan na ƙarshe. Sau da yawa ma'aikacin ofis ne ko tsoho mai cin fansho, da yamma da ranar hutu kaɗai ya ke samun taɓa aikin. Kuma sananne ne a tsakaninsu cewa a mota irin MGB, kuɗin da cikakken gyara ya ke ci ya kan zarce abin da za a saye ta in an gama.

Tarurrukansu kuma iri iri ne. A Beaulieu, kudancin Ingila, inda gidan adana tsofaffin motoci ya ke, tun 1967 a ke cin kasuwar tsofaffin kayan mota, mutum ya yini yana tonon akwatuna don neman fitila ɗaya ko marfi ɗaya. A Birmingham a kan yi babban nuni a cikin rumfuna a watan Nuwamba. A Goodwood akwai filin tsere da aka yi amfani da shi daga 1948 zuwa 1966, aka sake buɗe shi a 1998, kowane watan Satumba tsofaffin motoci na yin tsere na gaske, 'yan kallo kuma su sa tufafin wancan zamani. Akwai kuma gasar kyau, inda alƙalai ke duba mota ciki da bai, har su leƙa ƙarƙashinta, su ga ko kowane abu ya dace da yadda masana'anta ta yi shi.

To, mu dawo ga maganar dattawa. Lalle tana da ƙarfi, kada samari su yi mata dariya. Dukiya amana ce a hannun mai ita, kuma akwai masu hakki a cikinta tun kafin sha'awa ta zo: iyali, da mai bin bashi, da maƙwabci mai yunwa. Wanda ya hana 'ya'yansa kuɗin makaranta ya sayi fatar kujera, ba mu da abin da za mu kare shi da shi, a Ingila ya ke ko a Kumasi. Akwai kuma wata cuta da ta fi ɓarnar kuɗi, ita ce son a gani. A cikin masu wannan al'ada akwai wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya biya wasu suka yi aikin, ya ɗora motar a kan tirela ya kai ta fili don kada ƙura ta taɓa tayarta, ya tsaya gefenta yana karɓar yabo, ya sake ɗora ta ya mai da gida ya kulle. An yi mota don tafiya, shi ya hana ta tafiya. Su kansu 'yan'uwansa masu sha'awa su kan yi wa irin wannan ba'a.

Amma fa hukuncin bai hau kan kowa ba. Mu ma mun san mutumin da ke kiwon doki wanda ba ya noma da shi, ba ya fatauci da shi, yana ba shi dawa da harawa shekara guda don hawa na rana biyu ko uku, ba mu kuwa ce masa mahaukaci ba muddin gidansa na ci. A dalilinsa ne baduku mai sirdi da maƙeri mai linzami ba su bar sana'a ba. Haka abin ya ke a can. Saboda masu gyaran tsofaffin motoci, har yau akwai mai iya bugun ƙarfe da guduma ya fid da siffar bodi, da mai ɗinkin kujera, da mai daidaita kafireta da kunne. Da ba don su ba, da wannan sani ya bi tsofaffin ma'aikata kabari. Kuma wanda ya tashi abin da aka yar ya mai da shi mai amfani, da wuya a kira shi maɓarnaci, don maɓarnaci shi ne mai yar da abin da ke da sauran amfani. Saboda haka a kan tambayar ɓarna amsarmu ita ce: a duba aljihun mutum, a duba hakkokin da ke kansa, a duba ko motar na hawa titi.

Sai dai mu a ganinmu gardamar dattawa da samari ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ɗaki ba. Akwai tambayar da ta fi wannan zurfi, wadda su kansu Turawan ta dame su har ta kai su gaban alƙali. Ita ce: in an sake wa mota bodi, an sake inji, an sake kujeru da tayoyi, shin ita ce dai motar nan ta dā, ko kuwa wata ce ta ari sunanta? Kada a ce wasan baki ne. Tun 1988 wani kamfani mai suna British Motor Heritage ya koma buga sabon bodin MGB da ainihin na'urorin da aka yi na farko da su. Watau mutum na iya sayen sabon jiki ɗungum, ya kwashe inji da sauran kaya daga ruɓaɓɓiyar ya zuba a ciki. Wace shekara za a ce an haifi wannan mota?

Ga shari'ar da aka yi. Akwai wata motar tsere ƙirar Bentley da a ke yi wa laƙabi da Old Number One, watau tsohuwar lamba ɗaya. Ita ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1929, ta sake ci a 1930. Daga baya aka yi ta sake mata kaya don ta ƙara gudu, har aka canza mata ƙashi. A 1932 ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya mutu, aka sake gina ta. Shekaru suka wuce, mai ita ya yi ciniki da wani kamfani a kan fam miliyan 10. Bayan an ƙulla ciniki sai kamfanin ya ja da baya, ya ce abin da aka sayar masa ba ita ce motar da ta ci tsere a 1929 ba, don ɗan kaɗan ne ya rage daga ƙarafan wancan lokaci. Magana ta je babbar kotu a Landan a 1990, gaban alƙali Otton. Cikin shaidu har da makanikin da ya yi aikin da hannunsa tun farko, Walter Hassan, Bature ne ko da ya ke sunansa ya yi kama da namu, yana da shekara 85 a lokacin. Alƙali ya yarda cewa ba za a ce motar tana nan yadda aka fara ƙera ta ba. Amma ya ce tarihinta bai taɓa yankewa ba, an san kowane canji da wanda ya yi shi da lokacin da aka yi, kuma babu wata mota a duniya da za ta iya da'awar wannan suna. Ya tabbatar da ciniki.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatu zai gane wannan hukunci ba tare da wahala ba. Littafin da ke hannun ɗalibi yau ba da takardar mawallafi aka yi shi ba, ba kuma da tawadarsa ba. Takarda ta tsufa an kwafa, kwafin ya tsufa an sake kwafa. Duk da haka mu kan ce littafin wane ne, don me? Don akwai silsila: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har zuwa tushe. Magabata masu kwafar littafi da hannu su kan rubuta sunansu da ranar gamawa a ƙarshe, in sun ga wurin da ya goge su kan yi alama a gefe, ba su cusa nasu a cikin na mawallafi su yi shiru ba. Da wannan gaskiyar ne littafi ya ke zama shi ne, ko da an sake takardarsa sau goma. Ran da wani ya cusa abin da babu ya ɓoye, ran nan littafin ya fara zama wani abu dabam, ko da a tsohuwar takarda ya ke.

Haka mota. Ƙarfe na ruɓewa a sake shi, wannan ba aibi ba ne. Abin da ke riƙe da sunanta shi ne labarinta na gaskiya. Masu wannan al'ada sun gane haka, shi ya sa mota mai fayil ɗin rasiɗai da hotunan kowane mataki na gyara ta fi daraja a wurinsu bisa wadda ta fi ta ƙyalli amma ba a san inda ta fito ba. A garin Gaydon akwai gidan tarihin motocin Ingila inda aka adana littattafan masana'antu na dā. Mutum na iya aika lambar motarsa a ba shi takardar shaida mai nuna ran da aka ƙera ta da launin da ta fito da shi.

Inda a ke neman shaida haka, ka san akwai maƙaryata. Akwai mai ganin rami a ƙarfe ya ƙi yankewa, ya cusa abin toshiya, ya shafe da fila, ya goge ya fesa fenti mai sheƙi, ya kai kasuwa. Shi ya sa mai saye mai wayo ya kan tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya bi gefen mota da shi, inda ya ƙi kamawa ya san ba ƙarfe ba ne a ƙarƙashi. Akwai mai cire farantin lamba daga mota mai daraja da ta mutu ya manna wa wata. Har a kan sami motoci biyu kowace na da'awar lamba ɗaya. Mai gyara na gaskiya da na ƙarya duka sun sake ƙarfe, duka sun fesa fenti, a filin nuni kuma motocinsu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba mai bambancewa. Bambancinsu yana wurin da ido ba ya kaiwa, da kuma abin da kowannensu zai faɗa in an tambaye shi.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara wa maganar nauyi. Tun watan Mayu na 2018, a Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiya na shekara shekara da a ke yi wa sauran motoci, muddin ba a yi mata babban canji ba. Doka ta ce dai mai ita ya tabbata tana da lafiyar hawa titi. Ku duba fa, an ɗauke mai dubawa, an bar mutum da zuciyarsa. In waldar ƙarƙashi ta ƙarya ce, ba wanda zai sani sai ran da ta buɗe a kan gudu, ranar kuwa ba shi kaɗai zai biya ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Da yawa daga samarin zango suna koyon aikin fita a Suame Magazine a Kumasi, waɗansu na sayar da kayan mota a Abossey Okai a Accra. Abin da Bature ke yi don nishaɗi ranar hutu, su shi su ke yi kullum don abinci, da kayan aiki da ba su kai nasa ba. Motar da aka yanke wa ƙauna a Turai, a hannunsu ta kan ƙara shekara goma tana ɗaukar mutane. Ba su da abin jin kunya gaban kowane mai gyara a duniya wajen dabara. Kuma amanar da ke wuyansu ta fi ta mai MGB nauyi nesa, don shi kujera biyu gare shi, ya kan fita ne in rana ta yi kyau, su kuwa motar da suka taɓa birkinta da safe, da yamma tana hanyar Tamale cike da mata da yara.

Saboda haka, ya ku samari, in kun ga hoton motar nan mai ƙyalli a fili mai ciyawa, ku yi sha'awa, ba laifi. Amma abin ɗauka a ciki shi ne haƙurin da ya sa mutum ya kankare har ƙarfe, da jakunkunan nan masu suna, da fayil ɗin rasiɗai. Wanda ke aikin fita a cikinku ya sayi ɗan littafi na sidi kaɗan, ya riƙa rubuta abin da ya sa wa kowace mota da ranar da ya sa. In tsohon kaya ya sa, ya ce tsoho ne. In toshiya ya yi don mai mota ba shi da kuɗin walda, ya gaya masa toshiya ce, ya gaya masa kuma iyakar kwanan da za ta yi. In maigidansa ya ce a shafe a rufe a kan abin da zai iya kashe mutum, ya yi masa magana da ladabi a keɓe, in ya ƙi ji, to, ya san ba wurin koyon sana'a ya ke ba. Mai yiwuwa ya rasa ciniki ɗaya ko biyu a farko. Amma direbobi na hira a tasha, kuma sunan mai gaskiya ba ya daɗewa bai zaga ba.

Ku kuma iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara muku girma, tsoronku na ɓarna yana kan hanya, kada ku fasa tsawatawa in kun ga yaro zai ci bashi don a gan shi. Sai dai muna roƙo kada tsawar ta haɗa da son gyara. Yaron da ke jin zafi in ya ga abu mai kyau ya lalace, har ya kwana yana tunanin yadda zai tashe shi, yana da hali mai tsada a wannan zamani da a ke saye a yar. In ya dawo gida da baƙin mai a riga, a tambaye shi abin da ya gyara yau, a kuma tambaye shi ko ya gaya wa mai motar gaskiya.

Allah ya sa mu dace, ya tsare matafiya, ya sa albarka a hannun masu sana'a. Wassalam.